Na Farko Hagu, Sauran Dama

"Wannan kuma wa ya ƙera shi, mai yin cokula?" in ji Orval Tackett. Ya ture guntun ƙarfen gefe da bayan hannu, kamar an kawo masa nama mai wari.

Shi ne na huɗu da ya ƙi tun safe. Charlene Voss, mai shagon bindigogi ɗaya tilo a garin Harlow Bend, ta ɗauke shi ta mayar cikin kwali. Tun tana rarrafe a bayan wannan kanta, zamanin mahaifinta na da rai, ta san Orval, ta kuma san gardama da shi ɓarnar yawu ce.

Abin da ya kawo shi gidan kunama ne, wato ƙarfen nan na ƙasa da kunamar bindiga ke zama a ciki, wanda kuma ake ɗaura wa ƙota. Sauran kayan duk suna gida, a baje kan teburin cin abinci: bututu, ƙota, kunama, madubin saiti, da ƙananan kusoshi cikin kwanon miya. Da baki ya yi odarsu ta waya, mai kai wasiƙu ya sauke masa su a ƙofa, ba wanda ya tambaye shi ko sunan kakansa. Amma wannan ɗan guntun, wanda ko ɓera ba zai kashe ba sai dai a jefe shi da shi, shi gwamnati cikin hikimarta ta ce shi ne bindigar. Shi ke ɗauke da lamba. Shi ake cika wa takarda.

"To ga wannan, Baba Orval," in ji Charlene, ta ajiye masa na biyar. "Daga curin ƙarfe guda inji ya sassaƙo shi. Dubi aikin."

Orval ya ɗaga shi ya juya. Yana sheƙi, an yi masa ado har da ƙahon barewa a gefe.

"Ni biki za ni? Wannan ai na likitocin haƙori ne da ke zuwa daga birni, su harbi gwangwani sau biyu su ɗauki hoto. Dila ya ga wannan ƙyalli daga nesa, sai ya koma ya kira danginsa su zo kallo."

"Na roba fa? Ba nauyi, kafaɗarka za ta huta."

"Roba! 'Yar nan, jikina ya yi miki kama da na mai wasa da bindigar ruwa?"

Daga can kusurwa, wajen tukunyar kofi, aka yi wata busasshiyar dariya. Delmer Haugen ne, maƙwabcin gonarsa, wanda suke musu da shi tun suna samari kan shinge, kan ruwa, kan wanda ragonsa ya fi nauyi. Yana zaune inda ya saba, jarida a buɗe gabansa. Kusa da shi Wendell Sorby, tsohon mai kai wasiƙu da ya ajiye aiki, yana gyangyaɗi da kofi a hannu.

"Charlene, kawo masa na zinariya," in ji Delmer. "Mutumin da ya kwana uku ƙarƙashin dutse ai ba a haɗa shi da ƙarfen talakawa."

"Kwana huɗu," in ji Orval bai ko waiwayo ba.

"Bara uku ne."

"Bara ban ƙirga ranar da aka tono ni ba."

Gaskiya ne kuwa an tono shi. Yana ɗan shekara sha tara ramin haƙar kwal ya rufta da su bakwai, shi kaɗai ya fito da ƙafarsa. Ya ga hunturun da shanu suka daskare a tsaye, ya kwana cikin tumaki ya tashi da yatsunsa cif. Doki ya taka shi, tsawa ta kashe karen da ke gefensa ta bar shi. Irin mutanen da wannan ƙasa tamu ke haifa ke nan, ba irin na yanzu ba da iska ta kaɗa su nemi likita. Abin da ya kayar da shi a ƙarshe rago ne, ragonsa na kansa, ya tunkuye shi ta baya a bakin kwamin ruwa ya farfasa masa kafaɗa. Likita ya ɗaure ta da kusoshi, ya ce in ya ƙara ɗora tsohuwar bindigarsa a kanta, mai harbi baya kamar alfadari, to ya shirya cin abinci da hagu har ya mutu.

Shi ya sa yake haɗa sabuwa, marar tunkuɗa. Saura kwana tara tumakin su fara haihuwa, tumakin Nadine, matarsa da ta rasu da kaka. Bara diloli sun kwashe 'ya'ya sha ɗaya. 'Yarsa Paulette ta riga ta faɗa masa ta waya, da muryar nan tata mai taushi da ta fi zagi ciwo, cewa in bana ma haka ta faru za a sayar da garken, ya dawo wurinta a birnin Billings. Ta ma gyara masa ɗaki a saman gareji. Tana da wani kare da ake sa wa riga.

"Ni ina da guda a gida ba na amfani da shi," in ji Delmer, ya juya shafi. "Zo ka ɗauka. Ba takarda, ba tambaya, musafaha kawai. Ni duk bindigogina haka na same su, gwamnati ba za ta taɓa ganin rubutun hannuna ba. Abu ɗaya kawai za ka ce: don Allah, Delmer."

"Gara in bi dila da cokali mai yatsu."

"Ruwanka. Af, ga shi ma sun rubuta a nan, farashin ulu ya sake faɗuwa."

Rediyo ya riga ya faɗi haka da asuba, kowa ya ji, amma a bakin mai riƙe da jarida magana ta fi nauyi. Orval ya tsani jaridar nan fiye da yadda ya tsani diloli. Shekara arba'in Delmer na kaɗa masa ita a fuska.

Agogon bango ya kusa sha biyu. Kwalayen Charlene sun ƙare, dalilan Orval ma sun ƙare. Ya nuna na farkon da ta fara kawowa, wanda ya ce ya yi kama da murfin tukunya. Na ƙira ne, irin wanda ake dannewa da guduma a masana'anta, baƙi ƙirin, ba ado, da ɗan tabo a gefe inda wani abu ya karce shi.

"Ba ni wancan."

"Mai tabon? Ai shi ka fara ƙi."

"Gwada ki nake yi. Ni ma da tabo nake, kuma har yau ina aiki. Kawo takardar."

Ya zaro alƙalami daga aljihu, ya gyara tsayuwa. Takardar ba ta ba shi tsoro, ko kuma haka ya yi ta gaya wa kansa tun daga gida. Orval Tackett bai taɓa karanta ko kalma ɗaya ba a duniya. Aji biyu ya yi, mahaifinsa ya cire shi ya kai shi kiwo, kuma ko a aji biyun taga yake kallo. Ban da Nadine ba mahaluƙin da ya sani, har Paulette. Nadine ce ta zaunar da shi a teburin nan na cin abinci, farkon aurensu, ta koya masa zana sunansa da adireshinsa yadda ake zana lalas a cinyar saniya. Ta kuma haddace masa tambayoyin takardar bindiga a taƙaice: na farko ka ja a hagu, sauran duk dama. Sau uku ya yi haka a shagon nan gaban mahaifin Charlene, yana yi yana tsaki kamar mai karanta shirme, sau uku ya fita da bindiga.

"Mun bar takarda tun bara, Baba Orval," in ji Charlene. Ta juyo masa da wani ɗan allon kwamfuta. "Kawo lasisin tuƙinka, shi zai ɗauki sunanka da kansa. Kai dai ka taɓa amsa da yatsa."

Orval ya dubi allon yadda ya dubi ragon nan bayan ya farfaɗo. Amma da tambaya ta fito, sai ga 'yan akwatuna a ƙarƙashinta, ɗaya hagu ɗaya dama, kamar dai na takarda. Ransa ya dawo. Ashe masu ilimi allo kawai suka canza. Ya murtuke fuska, ya motsa leɓɓa, ya yi tsaki, ya taɓa hagu. Wata ta fito, dama. Wata, dama. Ya bi su tiryan-tiryan har allon ya daina tambaya, ya tura mata shi da yatsa ɗaya.

"Shi ke nan wahalar? Jariri ma ya yi."

Charlene ta duba. Ta sake dubawa. Ta ɗago kai.

"Baba Orval, yaushe ka dawo cikin gari?"

"Wane gari? Ni? Mil ashirin da biyu tsakanina da hayaniyarku, kuma da zan iya ja da gonar baya da na ƙara."

"Ka amsa cewa a cikin gari kake zaune. Sabuwar tambaya ce, ita ke zuwa farko yanzu. Wannan ba komai, ana gyarawa. Amma ta biyun, an tambaye ka ko kai ne ainihin mai sayen, ka ce a'a." Ta rage murya. "Wa kake saya wa? Don in wani ya aiko ka, ba ni da ikon ba ka."

Delmer ya sauke jarida. Wendell ya buɗe ido ɗaya.

"Yatsana ne ya zame," in ji Orval. "Allon naku santsi gare shi."

"To ba laifi. Ga tambayar na dawo da ita. Karanta min ita da bakinka ka amsa, in san ka gane, sai mu wuce. Lasisin shagon ne a wuyana."

Orval ya shafa aljihun ƙirji na hagu. Ya shafa na dama. Ya kai hannu aljihun baya. Hannunsa ya san wannan hanya ko yana barci.

"Tabarau ɗina na bari a mota."

"Tabaran nan naka," in ji Delmer, "tun ina da gashi yake cikin mota. Ya kamata a ce ya iya tuƙi zuwa yanzu."

"Ungo nawa," in ji Wendell, mutumin kirki, irin kirkin da ke hallaka mutane. Ya taso har kanta ya miƙa masa.

Orval ya karɓa ya ɗora a hanci. Baƙaƙen ƙwayoyin da ke kan allon suka ƙara girma, suka fito tar, kowanne da ƙafafunsa da wutsiyarsa, ba wanda ya ce masa komai. Ƙofa na bayansa, taku shida. Yana iya ce musu shagon ya lalace tun da uban Charlene ya mutu, ya buga ƙofa ya fita da sunansa cikakke. Sai dai kayan nan za su ci gaba da kwanciya a kan teburin Nadine, diloli su zo su yi bikinsu, shi kuma ya ƙare a saman gareji yana gaisawa da kare mai riga.

Ya cire tabaran ya ajiye a hankali. Ya juyo ya fuskance su, ya tura ƙirji gaba.

"To ku buɗe kunne, don sau ɗaya zan faɗa. Shekarata saba'in da bakwai, ban taɓa karanta harafi ko ɗaya ba. Ko ɗaya! Da haka na mallaki eka ɗari huɗu, na aurar da 'ya, na binne lauyoyi biyu da suka so cinye min rijiya. Wendell, kai ka shekara talatin kana karanta bayan ambulan ɗin mutane, me ka tara ban da ciwon gwiwa? Da a ce na iya karatu, da gwamnan jihar nan a wurina yake neman aikin kiwo."

Delmer kuwa sai da ya riƙe ciki.

"Wayyo ni! Orval Tackett! Ashe duk tsakin nan da kake wa takardu, gaisuwa ce tsakanin baƙi! Shi ya sa ka taɓa ba tumaki maganin ƙuma a baki!"

"Sun warke ko ba su warke ba?"

"Ya isa," in ji Charlene. Ta jawo aljihun tebur ta fito da takarda irin ta da. Fuskarta ba dariya ba tausayi, abin da Orval ya gode mata a ransa. "Doka ta san da irin wannan. Wani zai karanta maka, ka amsa da baki, ya cika. Ni ba dama, tunda ni ce mai sayarwa. Sannan mutum biyu su sa hannu shaida. Baba Wendell da Baba Delmer, ku biyu ne a nan, ku biyu za ku yi." Ta miƙa wa Delmer takardar har cikin hannu. "Baba Delmer, tunda kai ne malamin unguwa kuma muryarka a buɗe take yau, bismillah, karanta masa."

Delmer ya karɓa yana sauran dariya. Ya nisantar da takardar, ya matso da ita. Ya yi gyaran murya. Sai hannunsa ya tafi aljihun ƙirji na hagu. Ya koma na dama. Ya zagaya aljihun baya.

"Kash," ya ce. "Tabarau ɗina na gida."

Charlene tana neman alƙalami mai aiki. Wendell yana goge nasa tabaran da gefen riga. Orval ne kaɗai ke kallo, kuma ya san wannan rawar hannu kamar yadda ya san hanyar gidansa. Ya dubi jaridar da ke kan kujera, wadda aka yini ana karantawa tun safe da ido tsirara. Ya tuna farashin ulu da rediyo ya faɗa da asuba. Ya tuna bindigogin musafaha, da gwamnatin da ba za ta taɓa ganin rubutun hannu ba.

Maganar ta zo masa har kan harshe, da zaƙinta. Shekara arba'in na jarida a fuska, ga ranar ramuwa ta kawo kanta. Kalma biyar sun isa, kafin la'asar labarin ya kai gidan mai da majami'a da kasuwar dabbobi. Delmer ya ɗago ido, suka haɗu da na Orval. Dariyar ta bushe a fuskarsa, wuyansa ya yi ja har kunne.

Wendell ya riga ya fara miƙo tabaransa, da kirkin nan nasa.

"Mayar da abinka," in ji Orval, ya fizge takardar daga hannun Delmer ya danƙa wa Wendell. "Kai za ka karanta. Ba na son muryar wannan a kan takardata, tumakina ɓari za su yi."

Wendell ya gyara zama, ya karanta da muryar mai sanarwa a majami'a.

"Kana zaune cikin gari?"

"Allah ya kiyaye."

"I ko a'a, Orval."

"A'a. Ka rubuta da ƙarfi."

"Kai ne ainihin mai sayen?"

"Akwai wani a jihar nan da ya isa ya aike ni?"

"I ko a'a."

"I."

"Kana gudun shari'a?"

"Da wannan gwiwar? A'a."

"An taɓa yanke hukuncin cewa kana da taɓin hankali?"

"Paulette na kan ƙoƙari. A'a."

"Kana shan ƙwaya?"

"Ta likita, kuma ita ma karena nake ba rabi. A'a."

Haka suka bi su har ƙasa. A karo na farko a rayuwarsa Orval ya ji abin da ya shekara yana amsawa, ya kuma yi mamakin irin mugayen mutanen da gwamnati ke zaton suna yawo a Harlow Bend. Ya karɓi alƙalami ya zana sunansa yadda Nadine ta koya masa, ba tsaki, ba motsa leɓe. Wendell ya sa nasa hannun a shaida, shar, kamar an ja bulala. Charlene ta tura wa Delmer takardar, ta ɗora yatsa kan layin.

Delmer ya sunkuya. Ya riƙe alƙalamin da dukan hannu, ya ciji harshe, ya fara daga ƙasa yana hawa sama, sanda ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai ɗora lalas kada saniya ta motsa. Orval ya kau da kai ya shiga duban kwalayen harsashi a bango, kamar bai taɓa ganin irinsu ba.

Charlene ta aika wa hukuma bayanan, amsa ta dawo kafin kofi ya huce. Ta sa gidan kunama mai tabo cikin kwalinsa, ta ɗora wani ɗan littafi a kai.

"Wannan na haɗawa ne, mataki-mataki. Akwai wata 'yar waya mai tsalle a ciki, in ba a bi tsari ba sai ka neme ta a rufin ɗaki. Baba Delmer maƙwabcinka ne, sai ya leƙo ya karanta maka."

Orval ya soke kwalin a hammatar lafiyayyen hannunsa. Ya ɗauki littafin ya juya shi, akwai hotuna, da yawa kuwa. Ya dubi Delmer, wanda ya koma kujerarsa ya naɗe jaridar ya ajiye a cinya bai buɗe ba.

"Zai zo ranar Asabar," in ji Orval. "In ya tuna da tabaransa."

Delmer ya ɗago ido ya dube shi.

"In na tuna," ya ce.